Farantin ruwa da ƙwan zabi: Abin da akwatin ƙyanƙyasa ya koya mana a Daudawa

Da zarar ruwa ya zauna a ƙasarmu, tun daga Daudawa har Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ƙwan zabi ke cika kasuwa. Duk tashar da ka shiga a hanyar Funtuwa za ka ga yara da tire, dafaffen ƙwai a jere da ƙullin yaji a gefe. Zabi masu bin damina ne. Suna fara zuba ƙwai bayan saukar ruwa, su ci gaba har zuwa kaka, sannan su ɗauke sai baɗi. Saboda haka mai son tara garke ba shi da lokaci sai waɗannan 'yan watanni.

Kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce. Takan yi ƙwanta a cikin ciyawa ko gindin dawa, ta bar wa kare da maciji. In ma ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓar safiya har sanyi ya kashe su. Shi ya sa iyayenmu ke ɗebe ƙwan su sa wa kaza mai kwanci. Sai dai kaza ɗaya ba ta rufe abin da ya wuce goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kuma ba ranar da kake so take kwanci ba.

Mu 'yan ƙungiyar manoma matasa ne a makarantarmu ta sakandare. Da taimakon malaminmu na aikin gona muka haɗa akwatin ƙyanƙyasa da tsohuwar kula, da ƙwan fitila guda biyu, da ƙaramar fankar kwamfuta, da batir mai cin sola, da wata 'yar na'ura mai kashe wuta ta kunna gwargwadon zafi. Ba don wasa muka haɗa shi ba. Daudawa garin noma ne da ya yi suna da irin auduga tun zamanin Turawa, amma a shekarun nan rashin tsaro ya raba gidaje da yawa a yankinmu da shanunsu, wasu gonakin ma ba sa nomuwa. Abin da ya rage a hannun mutane da dama shi ne kaji da zabi. Da kuɗinsu ake sayen littafi, da su ake haɗa kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. In ƙwai ya lalace a cikin akwati, aljihun wani ne ya huje.

Zafi bai ba mu wahala ba. Ana son ya tsaya a digiri 37.5 zuwa 37.8 a ma'aunin salshiyos, kuma na'urar na riƙe shi. Juya ƙwai ma aikin jadawali ne: sau biyar a yini, kowa da ranarsa. Abin da ya ɗauke mana hankali shi ne danshi, wato yawan ruwan da ke cikin iskar akwatin. Ba a ganinsa, hannu ba ya jin sa sosai, amma shi ke raba gardama a ranar ƙyanƙyasa.

Ƙwai yana numfashi

Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba. Yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska mai kyau ke shiga wa ɗan tsako, ta nan gurɓatacciya ke fita, ta nan kuma ruwan cikin ƙwan ke tsirarewa a hankali. Wannan fitar ruwa ba asara ba ce, dole ce. A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai wani ɗan aljihu na iska tsakanin tantani biyu. Kullum ruwa ya ragu, aljihun na ƙara girma. Idan tsako ya kusa fitowa, tantanin ciki yake fara hudawa da baki ya shiga aljihun nan, ya shaƙi iskarsa ta farko da huhu, ya samu ƙarfin fasa ɓawo.

Masana kiwon kaji sun daidaita a kan cewa ƙwai na bukatar rasa kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa daga ranar da aka sa shi zuwa lokacin da tsako zai fara huda. Danshin akwati shi ke iyakance saurin wannan raguwa. Iska busasshiya na zuƙe ruwa da sauri, iska mai laima na hana shi fita.

Kowanne ɓangare da irin mutuwarsa. In akwati ya bushe da yawa, aljihun iska kan yi girma fiye da kima, tsakon ya fito ɗan ƙarami, ko kuma tantanin ya ƙafe ya naɗe shi kamar leda. Za ka ji kukansa a cikin ƙwai, ya huda ɗan rami, amma ya kasa juyawa ya zagaye ɓawon, har ƙarfinsa ya ƙare. In kuma laima ta yi yawa, aljihun kan zama ɗan mitsitsi, tsakon ya kumbura da ruwa, ya huda tantani ya tarar da ruwa a inda ya kamata ya tarar da iska. Waɗanda suka tsira sukan fito jiki a jiƙe, cibiya ba ta gama rufewa ba. Ƙwan zabi ya fi na kaza kaurin ɓawo, saboda haka ɗan zabo na bukatar duk ƙarfinsa kafin ya ɓalle.

Malam ya ɗora mana wata al'ada. Bayan kowace ƙyanƙyasa, ba ma zubar da ƙwan da ya rage sai mun fita bayan aji mun fasa shi ɗaya bayan ɗaya, da kyalle a hanci. Wanda ba a ga komai a ciki ba sai gwaiduwa, wannan tun asali babu ɗa, ko kuma ya daɗe a ajiye, ba ruwan danshi da shi. Wanda aka tarar da cikakken tsako a mace, shi ake dubawa: a bushe yake manne da tantani, ko a jiƙe yake sharkaf? Yakan ce mana, "'Yan samari, baragurbi ma malami ne, in kun jure warinsa."

Iskar Agusta da iskar hunturu

Littafin aikin gona ya ce a riƙe danshi a kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a mafi yawan kwanakin, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwanaki uku na ƙarshe. Abin da bai faɗa ba shi ne yawan ruwan da za ka zuba kafin ka kai wannan adadi a Daudawa, domin amsar na canzawa da wata.

Dalilin yana cikin darasin kimiyya na aji huɗu. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Idan iskar ɗaki ta shiga akwati ta ɗumama, ruwan da ke cikinta bai ƙaru ba, amma cikinta ya ƙara faɗi, sai kason danshinta ya sauka. Mun zauna mun yi lissafin a allo. A tsakiyar marka, in ɗaki na kan digiri 25 da danshi kashi 85, iskar nan in ta kai zafin akwati danshinta na komawa kusan kashi 42. Kaɗan ya rage ta kai abin da ake nema, saboda haka ɗan ƙaramin murfin gwangwani na ruwa ya isa. A hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, in danshin ɗaki kashi 15 ne a wannan zafi, a cikin akwati kusan kashi 7 ne kawai. Nan sai manyan faranti biyu, wani lokaci har da soso.

Wannan ya sa shawarar da wani zai ba ka daga Legas ko Fatakwal ba lallai ta yi maka aiki a nan ba. Ko a garin nan, abin da ya yi wa ƙwan zabi daidai a watan Agusta zai kashe ƙwan kaji a Janairu. Mu da muke komawa ƙwan kaji idan zabi sun ɗauke, sau uku muke sauya tsarin ruwa a shekara: na damina, na hunturu, da na bazara. A bazara ma wata matsalar ke tasowa, domin zafin ɗaki mai rufin kwano na iya haura zafin da ƙwai ke so. Dole mu mayar da akwatin ɗakin ƙasa mai rufin azara, inda sanyi ke zama.

Yadda muke riƙe danshin

Abu na farko da muka gane shi ne faɗin ruwa ke aiki, ba zurfinsa ba. Kofi cike da ruwa bai kai faranti mai ɗan ruwa a shimfiɗe ba da danshi ba, domin daga saman ruwa tururi ke tashi. Zurfi na ƙayyade kwana nawa ruwan zai yi bai ƙare ba ne kawai. In muna son ƙari, mukan ƙara faranti ko mu tsoma soso mai tsabta rabinsa a waje. In muna son ragi, mukan rufe rabin farantin da murfi.

Ruwan da muke zubawa mai ɗumi ne, wanda aka tafasa ya huce. Ruwan sanyi na saukar da zafin akwati, ruwan rijiya ɗanye kuma na iya kawo ƙwayoyin cuta cikin wuri mai ɗumi da laima, inda suka fi son hayayyafa. Mun huda gefen kular muka zura 'yar tiyo har cikin farantin, don mu riƙa ƙara ruwa ba tare da buɗe murfi ba.

Akwai kuma ƙofofin iska. Wanda ya toshe su zai ga danshi ya hau nan da nan, ya yi murna. Amma tsako mai girma na ƙara bukatar iska kullum, musamman a makon ƙarshe. Ƙa'idarmu ita ce ba a neman danshi da toshe ƙofa, da ƙarin ruwa ake neman sa.

Ma'aunin danshi na kasuwa mai araha yakan yi ƙarya, don haka muke gwada shi da gishiri. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar yashin bakin rafi ba tare da ya narke ba. A sa shi tare da ma'aunin a cikin roba mai rufuwa ruf, a bar su kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri na tsayar da danshin rufaffen wuri a kashi 75. In ma'aunin ya nuna 70, ka san kullum sai ka ƙara biyar a kan abin da ya faɗa. Mukan rubuta wannan bambanci a jikinsa.

Duk da haka, alƙalin ƙarshe shi ne ƙwan da kansa. Ranar da za mu sa ƙwai, mukan ware guda goma mu yi musu lamba da fensir, mu ɗora su tare a kan ƙaramin sikeli. Ƙwan zabi ɗaya na kai giram 40 ko kusa da haka, to a ce goman sun ba da giram 400. Kashi 12 na wannan giram 48 ne. Tunda a rana ta 24 muke daina juya ƙwan zabi, ana son su riƙa rasa giram 2 a kullum. A rana ta 10 ya kamata sikeli ya nuna kusan 380. In ya nuna 370, ruwa na fita da gaggawa, sai a ƙara faranti. In ya tsaya a 392, laima ta yi yawa, sai a rage. Daɗin wannan hanya shi ne tana ba ka damar gyara tun da sauran lokaci, domin jimillar ruwan da ya fita ita ce abin lura, ba abin da ma'auni ya nuna a yini ɗaya ba.

Wanda ba shi da sikeli yana da tocilar waya. A ɗaki mai duhu, a kafa hasken a ɓangaren ƙwai mai faɗi, a zana iyakar aljihun iskar da fensir. A maimaita bayan mako. Ƙwan zabi na da duhun ɓawo, saboda haka mukan jira rana ta 10 kafin haskawar farko, lokacin da jijiyoyin jini suka fito sosai. Zuwa ranar daina juyi, ana son aljihun ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan.

Kwanaki uku na haƙuri

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida 35. Ko wanne ne, kwanakin ƙarshe ake daina juyi, a cika faranti, a rufe akwati. Nan ne ake gwada haƙurin 'yan ƙungiya. Da an ji "tsiyak" na farko kowa na son ɗaga murfi ya leƙa. Buɗewa ɗaya a rana mai iska na kwashe laimar da aka tara, tantanin ƙwan da aka riga aka huda ya bushe cikin ɗan lokaci. Saboda haka muka yanka taga a murfin muka lika gilashi, muka kuma ba ɗalibi ɗaya amanar mabuɗin ɗakin. Daga huda zuwa fitowa tsako na iya ɗaukar yini guda. Wanda ya fito ba ya jin yunwa nan take, domin ya shanye sauran gwaiduwa a cikinsa, zai iya jira har gashinsa ya bushe.

Lokacin da muka kai wa kakar ɗaya daga cikinmu wannan bayani, dariya ta yi. Ta ce, "Jikokina, ai abin da kuke aunawa da agogo shi muke yi da ido." Ita a ƙasa take yi wa kaza gurbi, a kan yashi mai ɗan sanyi, ba a cikin kwando a rataye ba. In iska ta bushe kuma ƙyanƙyasa ta matso, takan yayyafa ruwan ɗumi a gefen gurbin. Ƙwan da take tarawa kuwa kusa da randa take ajiye shi, tsinin a ƙasa, kuma ba ta yarda ya wuce mako ba a sa shi ba. Da muka koma littafi muka tarar duk abin da ta faɗa yana ciki. Mutanen Masar ma sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa masu wuta, kuma gwanayensu kan ɗora ƙwai a fatar ido su gane zafinsa.

To, ƙwan maciji fa?

Wani ɗan aji ɗaya ya taɓa zuwa da tambaya. Ya ga wasu fararen ƙwai dogaye a manne da juna cikin juji a bayan gidansu, yana son sanin ko za su ƙyanƙyashe a akwatinmu. Malam ya fara da tambayarsa ko ya taɓa su. Da ya ce a'a, sai ya ce, "Madalla, yaro. Je ka gaya wa babanka yanzu."

Bayan nan ya yi mana bayani. Kasa haihuwa take yi, amma gamsheƙa da kububuwa da mesa ƙwai suke yi. Ƙwan maciji ba shi da ɓawo mai tauri, laushi gare shi kamar fata. Ƙwan tsuntsu ruwa yake rasawa har ya ƙyanƙyashe, shi kuwa na maciji yana iya shan ruwa daga ƙasar da yake kai, har ya ƙara nauyi. Shi ya sa uwar ke neman juji ko rami ko suri, wurin da ke da ɗumi da laima. Mesa takan naɗe ƙwanta da jikinta ta zauna a kai, wanda hakan ke rage bushewarsa.

A Amurka da Turai akwai masu kiwon macizai a gida don sha'awa. Wadda suka fi so ita ce wata ƙaramar mesa marar dafi mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, kuma ana fitar da ita daga Togo da Benin da Ghana. Masu ƙyanƙyasar ƙwanta na riƙe zafi a digiri 31 zuwa 32 na kusan kwana 55 zuwa 60, da danshi sama da kashi 90. Sukan shimfiɗa ƙwan a kan wani burbushin ma'adini mai riƙe ruwa, wanda suke jiƙawa daidai yadda in an matse shi zai dunƙule amma ba zai ɗiga ba. In ƙwan ya lotsa tun da wuri, bushewa ce. In ruwa na ɗiga masa daga murfi, fumfuna za ta kama shi. Kuma ba a juya shi ko sau ɗaya, domin ɗan macijin na kafuwa a wuri guda tun kwanakin farko, juyi na iya kashe shi. Ke nan akwatinmu mai digiri 37.5 da juyi biyar a yini ba wurin ƙwan maciji ba ne ta kowace fuska.

Ko da zai yiwu ma, ba abin gwadawa ba ne. Ba kowa ke iya bambance ƙwan maciji mai dafi da marar dafi ba, kuma ɗan gamsheƙa da dafinsa yake fitowa. Kububuwa na cikin macizan da suka fi kashe manoma a Arewa, har akwai asibiti na musamman don saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gwambe. Alaƙarmu da maciji a wannan sana'a ɗaya ce: toshe ramukan akurki da share ciyawar kewaye, don kada ya shigo neman ƙwai da 'yan tsaki.

Littafin ƙungiya

Abin da ya fi akwatin daraja a wurinmu shi ne wani littafi mai bangon kwali da ke rataye a gefensa. Kowace safiya da yamma mai aikin ranar na rubuta zafi, da danshi, da yawan farantin da ke ciki, da yanayin garin, ko an yi ruwa ko ana hazo. 'Yan aji shida za su tafi, amma waɗanda za su gaje mu ba sai sun fara daga farko ba. Za su buɗe shafin watan Yuli su ga murfin gwangwani ɗaya ya wadatar, su buɗe na Disamba su ga faranti biyu da soso.

Ga ɗalibin da ba shi da kula ko batir, ba sai ya jira ba. In akwai kaza mai kwanci a gidanku a daminar nan, nemi izinin mai ita, ka yi wa ƙwan zabi uku lamba da fensir. Ka haska su da dare a rana ta 10, da ta 17, da ta 24, ka zana aljihun iskar kowane lokaci, ka mayar da su da sauri kafin su huce. Zanen nan uku za su nuna maka yadda ruwa ke fita daga ƙwai a ƙarƙashin kaza, kuma da su za ka auna duk akwatin da ka haɗa nan gaba.